Rariyar da Alhaji Ya Jefar

Ku tambayi kowa, daga bakin masallacinmu har unguwar Akwatialine ta nan Kumasi, za a gaya muku cewa ba a haifi mutumin da zai karɓi makullin motona ba, wato babur ɗina. A unguwar da moto ɗaya kan zama na gida goma, inda mutum zai jingine nasa ya shiga banɗaki ya fito ya tarar an tafi da shi wurin suna, ni kaɗai na ƙi. Abokina na ƙuruciya ya roƙa, na ce masa birki ba ya ci. Mai gidan hayarmu ya roƙa, na ce taya tana sacewa. Har ladan ya taɓa zagayo ni da wa'azi kan falalar taimakon ɗan'uwa, na saurara har ƙarshe, na ce Allah ya saka da alheri, na raka shi bakin titi na tsayar masa da tasi. Makullin nan a mazagin wandona nake ɗaure shi. Wanda zai raba ni da shi sai ya tuɓe ni tukuna.

To, an tuɓe ni, kuma uwar 'ya'yana ce ta yi aikin, da magana biyu kacal.

"Yaya zai je addu'a ƙauye ranar Juma'a," ta ce, tana kwashe tuwo, ko kallona ba ta yi ba. "Na ce masa ai ran nan ba ka fita."

Yayan nan nata ba yaya ne kawai ba. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, a gabansa na durƙusa. A wurina uba ne, suruki ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, Alhaji nake cewa. Tsohon direban babbar mota ne, ya sha hanyar arewa da goro da gishiri har idonsa ya fara rauni ya ajiye. Yaya mutum zai dubi irin wannan ya ce masa birki ba ya ci? Zai ce kawo in gani, kuma zai gani.

Sai in faɗa muku abin da moton nan yake a wurina, don kada ku ce rowa ce. Ƙaramin sukuta ne, irin wanda ake haɗa ƙafafu a gaba kamar mai zaman kujera. Samari suna ce masa moton mata. Su ce. Da shi nake ɗaukar nama daga kwata kowace safiya in kai wa masu sayar da abinci: ganda, kayan ciki, ƙafar saniya, tsoka. Cinikin kuwa kusan duka a hannun mace ɗaya yake, wata dattijuwar Asante mai babban gidan fufu a unguwar Bantama, wadda ma'aikatan asibiti da masu jinya ke yi wa layi da rana. Maame nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kramo, yadda suke kiran kowane Musulmi. Abin da take saye shi ke ɗora tukunya a gidana. Sauran duk ƙari ne. In Maame ta juya baya, hayaƙin gidana ya ɗauke.

Saboda haka nake kula da injin nan fiye da yadda nake kula da haƙorana. Ni nake yi masa juye da hannuna. Kuma duk wanda ya san sukuta ya san cewa juyen baƙin mai rabin aiki ne. A can ƙasan injin akwai wani murfi mai faɗi, in ka kwance shi sifirin zai turo kansa waje, bayansa kuma sai wata 'yar rariya ta waya, ba ta kai kan babban yatsa girma ba. Ita ce mai gadin ƙofa. Duk man da famfo zai zuƙa ya aika sama sai ya bi ta cikinta, ta tare ɓurɓushin ƙarfe da yashi da duk wani datti da injin ya tara a cikinsa. Sukuta ba shi da wata filta bayan ita. Ba a jefar da ita. Wanke ta ake yi da fetur, a ɗaga ta sama a duba ko ta yage, a mayar da ita bakinta yana kallon cikin inji, sifirin a bayanta, a ɗaura murfi a hankali kada a cinye masa zare. Na yi wannan aiki sau ba adadi, har na san fuskar rariyar nan fiye da fuskar wasu dangina.

Ranar Juma'a na miƙa makulli da hannu biyu, ina murmushi irin na wanda aka taka wa yatsa a sahun salla. Wunin ranar ban ji huɗuba ba. Duk ƙarar moto da ta wuce sai in ji kamar nawa ne ke kiran sunana.

Bayan la'asar washegari sai ga Alhaji. Wallahi na ji kunyar zargin da na yi masa a zuciya. An wanke moton har yana ɗaukar ido, madubin da ya daɗe yana lilo an ɗaure shi, tanki cike har wuya. Haka mutanen da suke: abin aro ba ya komawa yadda ya zo, sai ya fi. Ya miƙo makulli ya ce, "Na ga man ya fara duhu, na juye maka shi." Na zare sandar gwaji, mai garau kamar zuma. Na yi godiya har na rasa ta cewa. Ban kwance murfin ƙasa ba. Wa zai kwance ya zubar da sabon mai a gaban wanda ya zuba shi?

Kwanaki kaɗan moton yana tafiya lafiya lau. Sai wata safiya na fara jin wani ɗan ƙas-ƙas daga saman injin, kamar ɓera yana cin gyaɗa a cikin kwano. Na duba mai, yana nan cike. Na ce bari Juma'a ta zo in kai a saurara. Juma'ar ba ta same mu ba. A kan hawan da ake yi kafin a shiga Bantama, da buhun nama a baya da bokitin kayan ciki tsakanin ƙafafuna, injin ya yi wani irin nishi, ƙarfinsa ya zube, wari ya taso kamar an manta tukunya a wuta, sannan ya yi ɗif. Na danna, shiru. Na taka kik, ya ƙi motsi kamar an zuba masa siminti. Injin ya buga.

Wanda bai taɓa tura moto da rabin saniya a kan tudu ba, direbobin trotro, ƙananan bas ɗin haya, suna danna masa oda suna tambayarsa ko ubansa ne ya shimfiɗa titin, kada ya zo ya yi mini maganar haƙuri. Ƙudajen Kumasi gaba ɗaya suka sami labari. Wasu ma na tabbata daga wasu garuruwan suka zo. Kafin in sami mai aboboya, keken kayan nan mai ƙafa uku, da zai yarda ya ɗauki ni da moto da nama, rana ta yi sama. Na tarar da Maame tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ruwan miyarta yana ta tafasa babu komai a ciki sai tattasai.

"Kramo, yau me zan ce wa mutane? Su ci fufu da labari?"

Na rantse mata cewa gobe ba za a sake ba. Ta karɓi naman ta shige ciki.

Daga nan sai Magazine, unguwar masu gyaran inji, wurin fitana, wato bakanikena. Sa'ana ne, mun daɗe tare, bakinsa ba ya rufuwa sai yana barci. Ya kwantar da moton, ya tara kwano, ya kwance murfin ƙasa. Sifirin ya faɗo. Muka jira rariya ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Ya sa yatsa, ya ɓata fuska, ya ɗauko waya mai lanƙwasa ya zura, ya jawo wani abu a hankali. Abin ya yi ta fitowa, yana fitowa, shuɗi-shuɗi, zare-zare, a dunƙule da baƙin datti. Ya ɗaga shi sama ya juya shi, ya shinshina.

"Kramo," ya ce, "injin naka wanka yake yi?"

Soson wanka ne. Irin dogon soson ragar nan da kowane gida yake rataye da shi a ƙusa. An yanko guntunsa, an naɗe, an cusa a gurbin rariya. Zafin mai ya tausasa shi, ya saki zarensa, famfo ya zuƙe, hanyar mai ta toshe. Mai cike a ƙasa, sama kuma ƙarfe yana cin ƙarfe a bushe. Fitan ya kira na kusa da shi, na kusa ya kira na gaba, kafin ka ce me, masu walda sun ajiye wuta, masu sayar da kayan gyara sun bar shaguna, kowa ya zo ganin moton da ya haɗiye soso. Wani ya tambaya ko in kawo sabulu a ƙarasa masa. Wani ya ce a duba da kyau, wataƙila tawul yana ciki. Ni da nake ba mutane dariya a duk inda na zauna, ran nan ko haƙorina ba a gani ba.

Da aka buɗe sama, fistan ya manne, duk abin da ke juyawa ya ci kansa. Kayan irin wannan moton kuma ba kowane shago ke da su ba. Fitan ya ce sai an nema. Aka yi ta nema.

A kwanakin neman nan na ga wulaƙanci iri-iri. Na gwada trotro, yaron mota ya ga buhu yana ɗiga ya ce ko ni ko naman, ɗaya zai hau. Na gwada tasi, direban ya sa na wanke masa but da hannuna. Na gwada masu aboboya, kowanne da nasa uzurin, yau taya, gobe ya tafi ɗaukar yashi. Kullum a makare nake isa Bantama, kullum da sabuwar rantsuwa. Ran nan na iso na tarar da miya tana ƙamshi, nama yana iyo a ciki, ba nawa ba. Maame ta ce in kai nawa gaba. Wani mutumin arewa mai aboboyarsa ta kansa ya fara kawo mata. Na tsaya da buhu a kafaɗa kamar wanda ya zo biki bayan an watse.

Na dawo gida ina huci, na ajiye guntun soson a gaban uwar 'ya'yana, a kan faifai.

"Kin san wannan?"

Ta duba. "Soso ne."

"Daga cikin injina aka ciro shi. Aikin yayanki ne. Yau zan je in gaya masa abin da ba a taɓa gaya masa ba tun da aka haife shi."

"To," ta ce. "Ka sa babbar riga, ka san ba ya son a je masa da shat."

Na sa babbar rigar, amma don na ga dama ne. A hanya na shirya maganata tsaf. Zan fara da tambaya: Alhaji, wa ya aike ka? Sannan in ce, na ba ka aron moto ne ko na kawo maka gyara? Sannan in jefa masa soson a kan tabarma, in gaya masa cewa ya kashe mini inji, ya kashe mini ciniki, ya mai da ni abin dariyar Magazine, kuma 'ya'yan ƙanwarsa ne za su kwana da yunwa. Na maimaita ta a bakin kwalbati, na maimaita a gaban mai shayi, har wata mai sayar da koko ta matsa gefe ta ba ni hanya, tana zaton aljanu ne suka taso mini.

Na same shi a zaure, kan buzu, da carbi. Ƙafafuna da kansu suka tuɓe takalmi. Gwiwoyina da kansu suka sami ƙasa.

"Barka da hutawa, Alhaji."

"A'a, maraba, maraba. Ina gajiya? Ina iyali? Ina ƙanwar tawa? Yaran suna zuwa makaranta? Ƙaramin ya daina tarin? Ina kasuwa?"

"Lafiya lau, Alhaji. Kasuwa alhamdu lillahi."

Ku ji fa. Kasuwa alhamdu lillahi. Bakina ne ya faɗa, ina ji. Aka kawo ruwa na sha, aka kawo goro na ɓare. Da ƙyar na lalubo soson daga aljihu, kuma maimakon in jefa, sai na ajiye shi a gefen buzu a hankali kamar mai miƙa sadaki.

"Alhaji, dama wannan ne aka gani a cikin moton."

Ya ɗauka ya kai kusa da ido. Sai fuskarsa ta washe.

"Af, ka gano! Ni da na so in yi abina a ɓoye, don alheri in an faɗe shi lada yana raguwa. Ai da na kwance ƙasan nan, abin da na gani ya ba ni tausayi. Filtarka ta yi baƙi ƙirin. Na ce yaron nan tun da ya sayi moton bai taɓa canja ta ba. Na wurga ta kwata."

"Wanke ta ake yi, Alhaji."

"Filta?" Ya yi dariya har carbinsa yana kaɗawa. "Ni za ka gaya wa filta? Tun kana tsere da taya a lungu nake juye wa manyan motoci mai. Ba a wanke filta. An juye mai, an jefar da ita, an sa sabuwa. Wanda ya ce maka a wanke, so yake ya kashe maka inji."

"To ai sabuwar..."

"Na nema a ƙauyen, babu. Na ce to, mene ne aikinta? Tacewa. A hanyar arewa mun tace mai da hula, mun ɗaure bel da igiyar shanya, mun iso gida lafiya. Kuma kada ranka ya ɓaci, soson nan sabo ne fil. Ba wanda ya taɓa wanka da shi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na ji maganar ta taso tun daga cibiya, da zafinta, ta iso harshe. Sai ya dafa kafaɗata.

"Na ji an ce injin ya buga. Kada ka damu, ƙananan injunan zamanin nan haka suke, ba su da ƙwari. Ba don na sa maka wannan ba, da tuni ya mutu."

"Na gode, Alhaji," na ce. "Allah ya ƙara girma."

Har bakin ƙofa ya rako ni. Ya sa aka ɗauko ragowar soson daga ɗaki, a cikin ledarsa, ya ce in riƙe saboda gaba. Na karɓa da hannu biyu.

Har yau in na tuna sai in ji kaina yana hayaƙi. Da ɓarawo ne ya sace moton, da na yi ihu unguwa ta taya ni. Da fita ne ya ɓata shi, da na tara masa jama'a a Magazine. Amma mutum ya kashe maka inji saboda ƙauna, ya jira lada a wurin Allah, kai kuma ka durƙusa ka yi masa godiya! Wa zan kai wa ƙara? Liman zai ce niyyarsa kyakkyawa ce. Uwar 'ya'yana ta ce ai Yaya bai taɓa wanke wa kowa moto ba sai ni. Kwana da kwanaki ba wanda ya sha daɗina a gidan. Na yi faɗa da kaza, na yi faɗa da rediyo, na yi faɗa da murfin buta.

Ƙarshe dai aka samo kayan, aka haɗa injin. Sabuwar rariya ni na zaɓe ta da kaina, na ɗaga ta sama na leƙa kowace ƙofa tata, na sa ta da hannuna, ban bar fitan ya taɓa ba. Moton ya tashi da murya mai daɗi. Saura abu ɗaya, wanda shi ne komai: in dawo da Maame.

Na yi sammako, na zaɓi naman da ya fi kowanne kyau a kwata, na ƙara mata ƙafar saniya kyauta, ban tsaya ko'ina ba. Na isa tana hura wuta. Na san in ta ji abin da ya faru daga tushe, zuciyarta za ta yi sanyi, don ba laifina ba ne, kuma ina da shaida a aljihu. Na jingine moto na fara. Na nuna mata girman rariyar da yatsana. Na kwatanta yadda famfo ke zuƙa. Na yi mata kukan injin a kan tudu, na yi muryar yaron trotro, na yi fitan yana jawo soso, har na durƙusa a gaban murhunta na yi mata Alhaji da carbinsa. 'Yan matan da ke daka fufu suka ajiye taɓare suna riƙe ciki. Ana cikin haka mai aboboyan nan ya iso, ya sauke buhunsa, ya ɗaga wa Maame hannu, ya juya ya tafi. Ko zama bai yi ba. Na ci gaba, don ban kai wurin ragowar soson ba tukuna.

Da na gama, na zaro shi daga leda na ɗaga sama. Maame ta goge hannu a zane, ta dubi buhun mutumin, wanda tuni an buɗe an fara wankewa, ta dubi nawa da ke ɗaure a bayan moto har yanzu.

"Kramo," ta ce, "shekara da shekaru ina zagin mahauta, ina cewa ba sa yanka da wuri. Ashe kai ne kake tsayawa ƙofa-ƙofa kana wannan abin da ka yi mini yanzu. Tun da motonka ya mutu na koma wurin wancan, miyata take nuna kafin mutane su zo. In ka ga surukin naka, ka gaishe shi, ka ce na gode."